Shekarar Bado

Akwai wata magana da take yawo a tsakaninku, 'ya'yana, tun ranar da aka ce idona na hagu ba zai ƙara gani ba. Ba ku taɓa faɗinta a gabana ba, amma ta iso kunnena. Kuna cewa da babanku bai sa an jinkirta aikin idon ba a lokacin, da yau ina kallon jikokina da ido biyu. Ya ji maganar nan yana raye bai tanka ba, don ba halinsa ba ne ya wanke kansa. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni kaɗai na rage da na san yadda aka yi. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan da manyan baƙaƙe, hancina kusan yana taɓa takarda.

Sai na ɗan koma baya, don ku gane matsayin zane a wurina. Mahaifina malami ne a nan Gwandu, mutum mai ƙarancin magana, wanda manya ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa. Ina ƙarama na ɗauki gawayi na zana akuyar maƙwabta a bangon ɗakin girki, har da gemunta. Da ya gani bai dake ni ba. Kiran sunana ya yi cikakke, wanda in ya yi haka kowa a gidan ya san magana ce.

"Hadizatu, abin da ke numfashi ki bar wa Wanda ya hura masa rai. In hannunki ba ya zama wuri ɗaya, ga itace, ga ganye, ga fure. Ba ki ƙare su har ki tsufa."

Washegari ya ba ni ragowar takardu da alƙalamin kara da 'yar tawada. Na fara da ganyen durumin ƙofar gida, na koma kan tumfafiya da sabara da ƙayar bagaruwa. Amma abin da ya kama zuciyata a Diggi na same shi, ƙauyen su Inna mahaifiyata, can cikin ƙasar Kalgo. Duk ƙarshen damina takan tafi da ni ganin dangi. Bayan gari akwai wani tafki da itatuwan giyayya suka kewaye, a cikinsa bado ke fitowa, ba farin da kowa ya sani kaɗai ba, har da wani mai shuɗin fure wanda bakinsa ke juyawa zuwa shunayya. Da hantsi yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Inna takan ɗaure zane a gwiwa ta shiga ruwan tare da ƙawayenta na ƙuruciya, suna ciro 'ya'yan bado suna shewa kamar ba matan aure ba. A Gwandu ban taɓa jin ta yi irin wannan dariya ba. Na sha gwada zana furen nan da tawada, amma tawada baƙa ce, shuɗin ba ya fitowa.

Na girma, na yi karatun koyarwa, na koyar a firamare har ƙarfina ya fara ja baya. Babanku malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin ƙauyuka. Tun farkon aurenmu ya lura da abin da nake yi in na gama aikin gida, sai ya riƙa dawowa da ɗan reshe a aljihun riga, ko fure a cikin hularsa, ya ajiye mini a bakin tabarma. In na zana na gama, sai in jefa a akwati. Ku kanku kun taso kuna ganin abin kamar yadda wata ke saƙa ko yin lalle, abin rage lokaci. Ni ma haka na ɗauke shi. Ban taɓa tunanin wani zai tako takanas ya tsaya yana kallo ba.

A shekarar da na ajiye aiki, damina ta fara nisa, wata yarinya ta yi sallama a gidan nan da la'asar. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni.

"Malama, ba ki gane ni ba ko? Safiya ce, wadda kike sawa ta riƙe miki ganye kina zanawa a allo."

Ashe ta zama malamar ilimin tsirrai a jami'a a Kalgo. Ta ce su da wasu abokan aikinta da 'yan matasa masu zane sun shirya wani aiki: a zana tsirran fadamomin ƙasarmu yadda suke, tun daga saiwa har fure, musamman waɗanda ke ƙaranci, a yi baje kolinsu a Kalgo bayan kaka, daga nan a riƙa zagayawa da su makarantu. Ta ce a wasu ƙasashe wannan fanni ne mai zaman kansa, amma a nan ko sunansa ba a cika ji ba, kuma ita tun da aka fara maganar ni ce ta faɗo mata a rai. Na yi dariya na ce ni da ko makarantar zane ban shiga ba. Ban rufe baki ba sai ga babanku ya fito daga ɗaki yana jan akwatin nan a ƙasa. Ya buɗe shi a gabanta ya koma gefe ya zauna. Safiya ta daɗe tana ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya. Da ta ɗago sai ta ce in zaɓi duk tsiron da nake so. Ba sai na yi tunani ba, shuɗin badon nan na zaɓa.

Abubuwa biyu suka zo kusan tare, su suka mayar da abin farin ciki ya zama abin yanke shawara. Na farko, Sani ɗan kawuna, masunci a Diggi, ya zo Gwandu gaisuwar wani rashi, ya biyo ta gida. Da na ba shi labari sai ya girgiza kai.

"To ki yi hanzari, Yaya. Tafkin nan bana ne ƙarshensa. An raba filin, da rani za a janye ruwan a yi shinkafa. Wanga bado da kike faɗi, ban san inda ya rage ba in ba can ba."

Bai faɗa da ɓacin rai ba, shi ma yana cikin waɗanda aka ba fili, kuma yana da iyali da yawa. Ban ga laifin kowa ba. Amma ranar na kasa cin abinci.

Na biyu shi ne ido. Na jima ina fama da ciwon kai, ina tuntuɓe da kaya in suna gefen hagu, ina ɗora wa tsufa. Babanku ya matsa muka je asibiti. Likita ya auna ya sake aunawa, ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya yi nisa, musamman a hagu. Ya ce maganin ɗigawa zai ɗan riƙe shi amma ba zai wadatar ba, aiki ake bukata, kuma kada a ja lokaci. Bayan aikin, ba sunkuyo, ba shiga rana, ba aikin da zai gajiyar da ido har sai an ga hali. Na tambaye shi ko za a iya jira zuwa bayan kaka. Ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni.

"Hajiya, ba zan ce miki lallai zai tafi ba, ba zan ce miki zai jira ba. Abin da ciwon nan ya ci ba ya dawowa. Da mahaifiyata ce, ba zan bari ta jira ba."

Ku lura, ba a ɓoye mini komai ba. Na ji da kunnena, na kuma fahimta. Muka dawo gida. Sai da muka ci abincin rana, yana wanke hannu, na ce masa zan jira. Abin da ya biyo baya shi ne abin da ba ku sani ba. A duk zamanmu babanku bai taɓa roƙona wani abu irin yadda ya roƙe ni a makon nan ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce zai je da kansa ya ɗauko mini hotunan badon a waya, in na warke in zana a tsanake. Na ce hoto ba ya nuna mini bayan ganye, ba ya nuna yadda shuɗin ke canzawa in rana ta ɗaga. Ya ce zai ciro saiwar ya dasa mini a randa. Na ce shi malamin gona ne, ya fi ni sanin ba lallai ya kama ba. Ya je ya samo ƙanwata ta yi mini magana. Ya daina cin tuwona kwana da kwanaki, abin da bai taɓa yi ba. Rannan da safe na same shi zaune a gindin dalbejiya ya zuba tagumi.

"Dije, mi za ki samu a furen nan da ya fi idonki?"

Na ce, "Malam, tun ina yarinya nake zane ina jefawa a akwati. Sau ɗaya aka ce in yi don a gani, kuma abin da nake so in zana ba zai kai baɗi ba. In na kwanta aka gyara idon, na tashi na tarar da gonar shinkafa, mi zan kalla da shi?"

"Ki kalle ni mana," in ji shi.

Na ce masa in ya hana ni, ba zan taka ko ƙofar gida ba, shi ma ya san haka. Hukunci na hannunsa. Daga baya ya gaya mini abin da ya auna a ransa: in ya hana ni zan yi biyayya, ido zai tsira, amma zai ƙare rayuwarsa da matar da ya kashe wa wani abu a ciki. Ya ce bai san wanne ya fi nauyi a wurin Allah ba, ya dai san wanda ba zai iya kallo ba. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce in haɗa kaya.

Da yamma kai Babangida ka kira daga Kaduna kana tambayar abin da likita ya ce. Ina zaune kusa da shi. Na miƙa hannu in karɓi wayar, ya kauce. Na ji shi da kunnena yana cewa, "An ce a yi aiki, amma ni na ce a dakata sai bayan kaka." Da ya kashe na tambaye shi dalili. Ya ce in kuka san ni ce, za ku taru a kaina da waya da kuka har in kasa riƙe burushi, shi kuwa kunyarsa za ku ji. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan warware ba muddin yana raye. Daga wannan kalma tasa maganarku ta samo asali.

Muka koma Kalgo, gidan Gwaggonku Asabe ƙanwarsa, ta ba mu ɗaki. Ya bar geronsa a gona ya damƙa wa maƙwabci, a lokacin da kowane manomi ke kwana da tunanin girbi. Kullum bayan sallar asuba ya ɗiga mini magani, ya ɗaure allon zane da kwalin fenti a bayan babur, mu kama hanyar Diggi raɓa na jiƙa mana ƙafa. Safiya ta kawo mini takarda mai kauri da fentin ruwa da burushi masu siririn baki, ta nuna mini abin da ake bukata: furen yana rufe, yana buɗe, ganye ta sama da ta ƙasa, kara an yanka shi a ga ramukan ciki, ƙwallon 'ya'ya, da saiwa. Sani yakan tura mu a kwalekwale zuwa tsakiyar ruwa ya kafa gora ya ɗaure, ya tafi wurin komarsa. Babanku ya riƙe mini laima. In ina son ganin bayan ganye, ya naɗe wando ya shiga ruwan ya juya mini shi, ya tsaya a haka har in ce ya isa, matsattsaku na kama masa ƙafa. Dattijo mai furfura, wanda manoman ƙasar nan ke tashi tsaye in ya iso.

Ban taɓa jin daɗin duniya irin na waɗannan safiyoyi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba don kawai ƙarshensu ya zo da asara. Ruwan yakan yi shiru, sai kukan kwaɗi da tsalle-tsallen kifi. Furannin na buɗewa a gaban idonka a hankali, ba ka ganin motsinsu sai dai ka ga sun buɗe. Shuɗin ya ba ni wahala ƙwarai. Na ɓata takardu da yawa, wani ya yi duhu kamar baban rini, wani ya yi fari fat. Sai da na gane ba a shafa shi gaba ɗaya: a sa ruwa-ruwa a bari ya sha iska, a ƙara, a sake bari, sannan a taɓa bakin da ɗan ja kaɗan. Ranar da ya fito na miƙa wa babanku takardar. Ya dubi zanen, ya dubi furen da ke gefen kwalekwale, ya ce, "Allahu akbar." A wannan wuri nakan ji kamar in na waiwaya zan ga Inna tsaye cikin ruwa.

Ana cikin haka idon ya fara tafiya. Wata safiya na kai burushi zan tsoma a kofin ruwa da ke hagu, na tsoma a iska. Na sake, na sake kuskurewa. Na rufe idon dama, sai na ga kamar an hura hayaƙi, tsakiya kaɗai ke da ɗan haske. Ya gani, don ba abin da ke wuce shi.

"Mu tafi yau, Dije. Abin da aka samu ya isa."

Saura ƙwallon 'ya'yan da saiwa, kuma ba su gama nuna ba. Na ce ya ƙara mini haƙuri. Ya kawar da kai yana kallon giyayya. Can ya sa hannu ya ɗauke kofin ya mayar da shi dama. Haka muka ƙarasa. Ranar da na sa hannu a zane na ƙarshe, ko Kalgo ba mu kwana ba, ya riga ya shirya mota zuwa Sakkwato. Aka yi aiki. Na dama ya tsira da abin da ya rage masa, na hagu an makara.

An yi baje kolin ina sanye da baƙin tabarau. Wani babban ɗaki ne aka shafe da farin fenti, aka jera zane-zanen a bango cikin gilashi, kowanne da sunan tsiron da Hausa da kuma na masana. Akwai wani saurayi da ya zana goruba da giginya a kwamfuta, akwai wata mai rini da ta buga ganyen kalgo a jikin yadi, wani ya zana ciyawar burgu da alƙalami kaɗai, siriri kamar gashi. Nawa aka ba bango guda. Daga nesa ba na ganin komai sai shuɗi-shuɗi, don haka babanku ya tsaya a gefena na hagu yana gaya mini a kunne: ga ɗalibai sun taru suna ɗauka a waya, ga wani dattijo ya cire hula yana matsawa kusa. Sai ga mutanen Diggi, Sani ya cika bas da su. Wata tsohuwa cikin ƙawayen Inna, da kyar take tafiya, aka kawo ta gaban zanen. Ta shafa gilashin da tafin hannu.

"Wanga ai na bayan gari ne. Wa ya ciro shi?"

Aka ce mata ɗiyar Hauwa'u ce ta zana. Ta lalubo fuskata ta riƙe da hannu biyu tana kiran sunan Inna, muka yi ta kuka a gaban mutane. Kuna wurin, kun zo daga Kaduna da Birnin Kebbi. Kun rungume ni, kun yi hotuna. Kai Babangida ka gaida babanka a tsaye, a gajarce, ka juya. Ban gani ba, na ji a muryarka. Shi kuwa ya amsa maka da fara'a har da tambayar yara.

Da rani aka janye ruwan kamar yadda Sani ya faɗa. An ce shinkafar na yin kyau. Zanen suna nan suna yawo makarantu, Safiya takan kira ta ce yau suna wuri kaza, yara na tambaya ko da gaske akwai fure mai wannan launi a ƙasar nan. Ni kuwa siririn layi ya gagare ni. Nakan ɗauki burushi in ajiye. Ina kewar zane, ina kewar ganin gefen hagu na duniya, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma in aka ce in faɗi abin da na fi kewa, to inuwar laimar nan ce, da mutumin da hannunsa ya gaji bai sauke ta ba.

A ciwonsa na ajali, wata rana da hantsi ina ba shi kunu a cokali, ya ɗaga hannu ya ce ya ƙoshi. Ya daɗe yana kallona. Na zaci wasiyya zai yi, na matso da kunnena.

"Dije, in tambaye ki. Da za a mayar da ke wancan lokaci, kin san abin da zai faru, za ki sake?"

Na so in ce a'a don in sanyaya masa rai. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, ban ga dalilin farawa a ranar ba.

"Zan sake, Malam."

Ya lumshe ido ya yi murmushi, irin na wanda aka sauke wa kaya.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ni ma zan sake kai ki."

Sannan ya buɗe baki, na ba shi sauran kunun ya shanye.